Injiniya Tsakanin Gida da Tsallake

Kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake bai taɓa zama a ajin da ake koyar da injiniyanci ba. Firiji yake gyarawa. Maigidan da ya koya masa aikin ne ya laƙaba masa sunan don zolaya, ran da ya kwance wani firiji gaba ɗaya ya kasa mayar da shi, sunan kuwa ya bi shi har 'ya'yansa suka tashi ba su jin ana kiransa da wani. Dogo ne siriri, ya ɗan rankwafa saboda yawan leƙen bayan firiji. In yana sauraron mutum yakan karkatar da kai gefe guda, kamar yadda yake yi idan yana son ya ji ko inji ya tashi.

Lokacin da ya gama koyo ya buɗe nasa shagon, masu firiji a garin ba su taka kara sun karya ba. Asibiti na da shi, otal na da shi, sai wasu manyan ma'aikata, su ma lallaɓa shi suke kamar jariri, a lulluɓe shi da mayafi a ɗora masa furen roba. Sauran jama'a ba su da abin da zai kwana balle a nema masa wurin sanyi. Man girki da cokali ake saye, sabulu a raba shi biyu, sukari a ƙulla daidai na kofi ɗaya. Abin da aka sayo da safe, kafin la'asar ya shiga ciki. Sai Injiniya ya wuni a kan benci yana goge kayan aikin da ba su yi datti ba.

Matarsa gajera ce, mai saurin tafiya da saurin magana. Tana da keken ɗinki da ta gada wurin mahaifiyarta, da shi take yi wa mutanen unguwa faci, tana rage wandon wa ya zama na ƙane. 'Yarsu ɗaya ce a lokacin, amma shi Uwar yara yake kiranta, ita kuma kullum sai ta ce, "Ɗaya ce tak, kada ka ƙara mini aiki da baki."

Akwai ƙasa maƙwabciya, bayan wani babban kogi mai gada, tafiyar kwana biyu a mota. Ba wanda ke kiran sunanta, tsallake kawai ake cewa. A shekarun nan masana'antu suka yi ta buɗewa a can, duk wanda ya je ya dawo da agogo a hannu da labari a baki. Wata rana Injiniya ya dawo gida da rana tsaka, ya sami Uwar yara tana taka keke, ya zauna a bakin ƙofa.

"An ce a tsallake ko ɗan dako yana da firiji," ya ce.

"To, ɗan dakon me yake sawa a ciki?"

"Nama, madara, da abincin da ya rage."

"Har abinci ke ragewa?" Ta yi dariya, amma da ta ɗago ta ga fuskarsa sai ƙafarta ta tsaya a kan keken. "Tafiya kake son yi."

"Shekara biyu kawai. In haɗa jari in dawo."

"Kai da ko kasuwa ka je sai an aika neman ka."

Ba ta hana shi ba. Ta ɗinka masa aljihu a cikin wando, ta naɗe masa filaya da sukundireba a tsumma don kada su yi ƙara a hanya, ta raka shi tasha da yarinyar a baya.

A tsallake ya haɗu da wani mutumin ƙasarsu, mai gyaran takalmi, kakkaura mai son hira, wanda kowa ke kira Shumeka. Suka kama wuri ɗaya a ƙarƙashin matattakalar wani dogon bene, Shumeka ta gaba, Injiniya ta ciki inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye sosai. Ɗakin kwanansu yana bayan benen, katifa biyu da risho ɗaya, tagarsa na kallon bangon maƙwabta.

Abin da ya fara ba shi mamaki a garin ba benaye ba ne, kwandon shara ne. Ya ga rabin burodi a ciki, ya ga shinkafa, ya ga riga da maɓalli ɗaya kawai ya fita. A kanti kuwa mutane ba sa riƙe kaya a hannu, wani ƙaramin keken ƙarfe suke turawa suna lodawa, mai da galan, sabulu da kwali. Ƙarshen wata sai ka ga motoci na sauke manyan kwalaye a ƙofar gidaje. Firiji kuwa ko'ina, kuma da yake da tsada suka saye shi, in ya lalace gyara shi suke. Gas ya ƙare, kwamfiresa ta ƙone, robar ƙofa ta saki, duk wurin Injiniya ake zuwa. Ya koyi yarensu a bakin aiki, ya fara da sunayen abin da ke lalacewa, gaisuwa ta biyo baya. Hannunsa na da kyau, ba ya cutar mutum, sai sunansa ya zaga unguwanni.

Shekara biyu ta cika ana tsakiyar samu. Wa zai rufe shago a irin wannan lokaci? Ya ce a ƙara ɗaya. Daga nan ya daina faɗin adadi.

Duk shekara yakan zo gida ya yi 'yan makonni, da kaya niƙi-niƙi a saman mota. Fanka, dutsen guga, takalman makaranta, wata shekara har da firiji ɗan madaidaici da ya saya a lalace ya tayar da shi. Ran da aka sauke shi, mutanen layin suka cika tsakar gida, yara na layi suna sa hannu a ciki suna janyewa da ihu. Uwar yara ba ta tsaya kallo ba. Kafin mako ya zagayo ta fara ƙulla ruwan sanyi a leda tana sayarwa, keken ɗinki ya koma aikin yamma. A tsakanin waɗannan zuwa da komawa aka haifi namiji. Ran da uban ya fara ganinsa har ya soma rarrafe. Tunda ba a sake samun wani ba, sai ya zama Auta, yayarsa kuma ta zama Babba.

Idan ya zo, maƙwabta kan taru a ƙofar gida su ce ya ba su labari, shi kuwa abin nema ya samu. A tsallake ba a sayen ƙwai ɗaya-ɗaya. A tsallake yaro ba ya gadon takalmin wansa. A tsallake har kare akwai abincinsa na gwangwani. Ba ƙarya yake ba, ya gani da idonsa, amma abin ya zame masa jiki har ba ya iya kallon cokali bai kwatanta shi da na can ba.

"Kai ko atishawa aka yi sai ka ce ta tsallake ta fi ƙara," in ji Uwar yara. Ya yi dariya har da ƙwalla, don ya san ta kama shi.

Shekarun daɗi ke nan, kuma sun ɗan jima. Ya sayi fili, aka tayar da ɗakuna uku da ɗan shago a gaba. Ita ta tsaya a kan magina, ita ta yi faɗa da mai yashi, shi sai dai ya zo ya ga bango ya ƙara tsawo.

Abin da ya karya shi ba talauci ba ne. Mutanen tsallake ƙara samu suka yi. Kantuna suka cika da sababbin firiji masu ƙofa biyu, a ba ka ka tafi da shi ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Wata rana wata mata da ya daɗe yana yi wa gyara ta aiko ya zo. Ya hau benen da jakar kayan aikinsa, ya duba firijin, ya ce mata robar ƙofa ce kawai, yanzu zai sauya.

"Ba gyara na kira ka ba, Baba," ta ce. "So nake ka ɗauke shi, ya tare mini hanya. Sabo na zuwa anjima."

"Lafiyarsa ƙalau fa. Injin nan zai ƙara shekara goma."

"To ka riƙe, na ba ka."

Ya sauko da shi mataki-mataki, shi da Shumeka, suna hutawa a kowane hawa. Ranar har murna ya yi, ya ce ya tsinci dami. Bai san farkon abin ke nan ba. Kafin a jima kiran da ake yi masa duk na zo ka ɗauke ne. Sababbin kuma in sun lalace ba a kawo masa, kamfani ke aiko nasa mutum da mota, in ma an kawo sai ya buɗe ya tarar da wani ɗan allo mai ƙananan wayoyi da ba a walda, sai dai a cire a sa wani. Injiniya ya koma mai tura amalanke, yana bin layi-layi yana kwasar abin da aka fitar. Ya wanke, ya kankare tsatsa, ya sa gas, ya sayar wa dillalai da araha, su kuma su loda a manyan motoci su haye gada da su. Gida ake kai su.

Shumeka ne ya fara sarewa. Wata safiya ya zauna da allura a hannu har rana ta take, ba wanda ya miƙo ko silifa.

"Mutanen nan takalmi ya tsinke sai su jefar," ya ce. "Ni me nake jira? An ce a gida yanzu mutane sun fara sa takalmin da ya cancanci gyara. Tashi mu tafi, Injiniya."

"Ka yi gaba, ina nan tafe."

"Haka ka ce wa matarka."

Ya raka shi tasha, ya dawo ya jingine katifa ta biyu a bango. Daga ranar ba shi da wanda zai yi yaren gida da shi, in ba shi kaɗai ba a bakin risho.

Zuwansa gida na wannan shekarar, tun daga tasha ya ga garin ya sake. Gefen titi tsofaffin firiji ne jere ana ciniki, har ya gane waldarsa a bayan wani. A layinsu gida biyar sun saya, cinikin ruwan sanyin Uwar yara ya ja baya, ta koma sayar da lemon kwalba da sabulu a shagon gaba. A bakin layin kuma wani mai gyara ya kafa rumfa, firiji sun kewaye shi har ba a ganin kansa, mutane na zaune suna jiran a zo kansu.

Da yamma, bayan yara sun fita, ta kawo masa shayi ta zauna a gefen tabarma.

"Ka ga mutumin bakin layi?"

"Na gan shi. Ba ya ma iya riƙe wutar walda."

"Bai iya ba, amma ya sayi babur. Maigida, aikin da ka tafi nema ya biyo ka gida. Ga shago nan, in kwashe sabuluna ka zauna."

"Ba ki gane ba ne. Kwanan nan na ji a rediyo, an auna abin da magidanta ke kashewa a ƙasashen nan biyu. Abin da gida ɗaya ke kashewa a tsallake ya ninka na nan sau uku. Wa ke barin inda kuɗi ke yawo?"

"Wannan da suke kashewa, a aljihunka yake sauka?"

Ya kurɓi shayinsa.

"Da ka tafi, ninki nawa ne?" ta ce.

"An ce biyar ne a lokacin."

"To ka ga muna matsowa. Ni ban san lissafin rediyo ba. Abin da na sani, yaron nan in an tambaye shi ina babansa, tasha yake nunawa."

Ya ce zai duba. Ya yi kwanakinsa ya koma.

Mutane sun yi ta faɗin dalilinsa, har da masu cewa ya ajiye wata a can, alhali ba kowa a ɗakin sai shi da risho. Gaskiyar ta fi haka sauƙi. Ya shekara da shekaru yana cika wa unguwa kunne da tsallake, yanzu ya dawo da jakar da ya tafi da ita, ya zauna yana rabon aiki da mai rumfa? Yana son ya dawo da abin nunawa, ko da mota ce ƙarama. Ban da haka, gidan kansa ya fara yi masa kamar gidan mutane. A farantin baƙi ake zuba masa abinci. In ya shigo ɗaki yara kan rage murya. Auta yakan gaishe shi da ladabi ya nemi hanyar fita. A can ƙarƙashin bene kuwa, ko ba komai, ya san inda kowane ƙusa yake.

Shekaru suka yi ta tafiya. Babba ta gama makaranta ta sami aikin jinya, ta yi aure. Uban ya zo ana gobe biki, ya koma kafin a gama mayar da kujerun haya. Auta ya koyi gyaran wayar hannu wurin wani, ya buɗe ɗan teburinsa a kasuwa. Shi ya aika wa uban waya, sai hira ta koma ta waya. Kullum Injiniya sai ya tambayi abin da mutane ke saye a gida. Uwar yara ta ce an buɗe babban kanti kusa da tasha, maƙwabciyarsu ta sayi injin wanki, mai rumfa ya gina shago.

"Na hannu ne injin wankin," ya ce.

"Sabo ne, a kwalinsa. Ni na taya ta yage ledar."

"To, ƙarami ne."

"Ka zo ka auna."

Sai kuma tsallake ta juya. Masana'antu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuɗinsu ya karye, waɗanda suka ɗauki kaya suna biya kaɗan-kaɗan aka zo aka kwashe. Kwandon shara ya koma ba komai sai ɓawo. A kanti mutum ya ɗauki kwalbar mai ya juya ta ya duba farashi ya mayar. Wata safiya Injiniya ya fito ya tarar da mutum uku na jiransa, kowa da tsohon firiji a amalanke. Gashinsa ya yi fari a lokacin, sai da tabarau yake ganin bakin waya, amma hannun bai manta ba. Ya yi ta aiki kamar yaro. Ya kira gida cike da murna.

"Uwar yara, aiki ya dawo. Na ce miki a yi haƙuri."

"Allah ya sa albarka," ta ce. "Ka dai riƙa cin abinci."

Bai gaya mata cewa abin da yake samu, in aka canja shi zuwa kuɗin gida, bai kai cinikin shagonta ba. Yana jin daɗin dai ana sallama ana neman sa.

Ana cikin haka Babba ta kira shi da hantsi, yana durƙushe a bayan wani firiji.

"Baba, Mama ta faɗi a shago. Muna asibiti. Ɓarin jikinta na dama ba ya motsi."

Bai tsaya ɗaure kusoshin da ya kwance ba. Ya ba mai gadin benen makulli ya ce masu kaya su zo su ɗauka, ya zuba tufafinsa a jaka ya nufi tasha. Bai sake taka tsallake ba.

Ta rayu, amma maganar ta tafi. Matar da ba a gama tambaya ba ta ba da amsa, kalma ɗaya ta rage mata: to. Aka sallamo ta gida. Babba na da aiki da 'ya'ya, Auta na da kasuwa da sabuwar amarya, sai Injiniya ya ce su bar masa, shi zai kula da ita. Suka dubi juna, don ba su san ko ya iya dafa ruwa ba. Ya iya. Wanda ya shekara talatin yana yi wa kansa girki da wanki ba a koya masa. Abin da bai sani ba shi ne gidan. Ya nemi ludayi ya rasa, ya buɗe wannan ya rufe wancan, tana kallonsa daga kan gado har ta ɗaga hannun hagu ta nuna masa bayan ƙofa.

Babba ce ta fara kai shi babban kantin nan sayayya. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon mutanen garinsu, 'ya'yan waɗanda ya sani suna sayen mai da cokali, suna tura keken ƙarfe cike da kwalaye.

"Kamar tsallake," ya ce a hankali.

"Baba, 'yan tsallake yanzu nan suke zuwa neman aiki. Wanda ke goge ƙasan can ma daga can yake."

Ya juya ya dubi mutumin. Ya so ya je ya gaishe shi da yarensu, sai ya ga kada ya ba shi kunya, ya bi bayan 'yarsa.

Ya kwashe sauran sabulun shagon gaba, ya sa aka rubuta masa allo cewa ana gyaran firiji. Yakan bar ƙofar ciki a buɗe don ya ji motsinta. Wata ya wuce, mutum ɗaya ya kawo fanka. Mai rumfar nan ma ya bar gyara, sababbi yake sayarwa. Auta ya zo wata rana ya same shi a kan benci, ya tsuguna gefensa, ya daɗe yana wasa da makullin babur kafin ya yi magana.

"Baba, na yanzu ba a cika gyara su ba. Kuɗin gyaran ya kusa na sabo. Ka huta, ni da Yaya mun isa."

"Na sani," ya ce. "Na taɓa ganin irinsa."

Bai cire allon ba, amma ya daina zama a shagon. Ya koma ɗaki wurinta gaba ɗaya. Da safe ya yi mata wanka, ya shafa mata mai a hannun da ya mutu, yana lanƙwasa yatsun ɗaya-ɗaya yadda likita ya nuna. Ya ɗauke ta ya fito da ita tsakar gida ta sha hantsi. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya koyi taje mata kai, da farko tana yamutsa fuska, daga baya ta riƙa lumshe ido. Yana yi yana ba ta labari, ba na kantuna ba, na Shumeka da minsharinsa, da ran da ya sa gishiri a shayi don bai iya karanta yaren tsallake ba, da wani mai gida da ya kira shi gyara ashe soket ne ba a kunna ba. Rabin fuskarta ya yi dariya ta ce, "To."

A hankali ya gane to ɗin kala-kala ne. Akwai na ya isa, akwai na ƙara, akwai na ƙarya kake, akwai wani gajere mai kaifi da take yi in ya zuba sukari da yawa. In 'ya'yan sun zo shi ke yi musu fassara. Babba ta ce wa ƙanenta a tsakar gida, ba ta san yana ji ba, "Ashe haka Baba yake da hira." Ya tsaya da kofi a hannu a bayan labule har suka sauya magana.

Wata rana da yamma yana yanke mata farce, kansa a sunkuye, ya ce, "Shekarar nan da kika ce ki kwashe sabulu in zauna. Da na yarda, da yanzu wani zancen ake."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "To."

Ya karkatar da kai yana jira ko za ta sake, ba ta sake ba. Wannan ɗin bai gane irinsa ba, kuma bai tambaya ba. Ya kama ɗan yatsa na gaba.

Damina biyu suka yi a haka. A ta uku, wata safiya ana yayyafi, ya tallafo kanta yana ba ta shayi da cokali, ta kurɓi biyu ta kawar da kai. Ya ɗauka zafi ne, ya tsaya yana hurawa. Da ya juyo ta riga ta tafi. Ya ajiye kofin a ƙasa, ya gyara mata ɗankwali, ya zauna riƙe da hannunta na hagu har ruwan ya ɗauke, sannan ya kira Babba.

Bayan an share makoki 'ya'yan suka ce ya koma wurin ɗayansu. Ya ce a'a, ya gaji da zama baƙo. Suna zuwa duba shi, ba su rage shi da komai ba, abinci da magani da sutura, amma in an gama gaisuwa sai hira ta tsaya, kowa ya dubi wayarsa. Ba faɗa suka yi ba. Ba su da tsohon zance ne da za su tono tare.

Ɗakuna biyu na zaune ba kowa, sai Auta ya kawo masu haya. Mutanen tsallake ne, miji da mata da 'yan mata biyu ƙanana. Mijin akawu ne a wata masana'anta da ta rufe, nan kuma lodi yake yi a babban kanti. Ran da suka iso da katifa ɗaya da tukwane a buhu, matar na tsaye a tsakar gida tana neman yadda za ta tambayi inda famfo yake, sai tsohon ya fito ya yi mata sannu da zuwa da yarensu, har da karin maganar unguwar da ya zauna. Ta saki buhun ta rufe baki, hawaye suka zubo mata.

Daga ranar gidan ya sake samun hayaniya. Yaran suka laƙaba masa kalmar kaka ta yarensu. Shi ke raka su makaranta, shi ya koya wa uwarsu ciniki a kasuwa, shi ke zuwa da uban ofis in ana neman mai fassara. Da yamma su zauna a tsakar gida su yi ta ambaton tituna, wane kanti ya rufe, wane bene aka rushe. Akawun yakan girgiza kai ya ce mutanen nan ƙasar ba su san darajar abu ba, jiya ya ga an zubar da buhun lemo don kaɗan sun taɓu. Injiniya yakan saurare shi da kai a karkace.

Bai yi doguwar jinya ba. Ƙirji ya riƙe shi kwana kaɗan, ya ce mura ce, ya hana a gaya wa Babba don tana aikin safe a makon. Matar akawun ce ta ga numfashinsa ya sauya da rana, ta aika aka kira 'ya'yan, ta zauna tana yi masa fifita. Ya yi ta magana ƙasa-ƙasa, rabi da yarensu rabi da nasa, tana amsa wanda ta gane. Kafin Auta ya rufe teburinsa ya ratso cunkoson kasuwa, an gama.

Mutane sun taru sosai, yawancinsu don matarsa da 'ya'yansa suka zo, don kaɗan ne a layin suka san shi da kyau. Babba da Auta na zaune suna karɓar gaisuwa, idanunsu jajur, shiru. Kukan da ake ji daga cikin gida na 'yan matan nan biyu ne, sun ƙi ci sun ƙi sha, uwarsu na rarrashi da wani yare. Wata tsohuwa da ta zo daga nesa ta matso kusa da Babba ta tambaye ta ko jikokinsa ne na can.

Babba ta buɗe baki za ta ce 'yan haya ne, sai ta fasa.

"Nasa ne," ta ce. Ta tashi ta shiga ciki, ta ɗauki ƙaramar ta ɗora a cinya.